Kwanon Dattijo: Yadda Ake Kai wa Tsofaffi Abinci Har Ɗaki

'Yan'uwa mazauna Minawao: A sani tun farko, wannan ba sanarwar sabon rabo ba ce, kuma babu inda ake rubuta sunaye saboda ita. Bayani ne a kan iyayenmu da kakanninmu da ƙarfi ya ƙare musu, da yadda za a yi abinci ya riƙa kaiwa bakinsu kullum suna zaune a ɗakinsu, cikin mutanen da suka saba da su.

Aikina tafinta ne, ina raka jami'ar kariya zagayen gidaje. Wata rana muka shiga wurin wata dattijuwa, muka tarar da hatsinta a ƙulle a buhu, ga mai ko buɗe shi ba a yi ba. A takarda ta karɓi rabonta cif. Da na tambaye ta, "Iya, me kika ci yau?" sai ta yi shiru. Ashe surukarta da ke yi mata girki tana jinyar yaro a asibiti kwana uku ke nan. Iya ba ta iya kai niƙa, ba ta da itace, kuma kunya ta hana ta gaya wa maƙwabta. Babu wanda ya cuce ta, amma da yunwa take kwana.

Tsakanin buhu da baki

Ma'aunin da hukumomin agaji ke bi shi ne kalori 2,100 ga kowane mutum a rana idan rabo ya cika, kuma duk mun san ba kullum yake cika ba. To ko ya cika, ɗanye ake bayarwa. Kafin ya zama tuwo sai an bi layi, an ɗauko, an kai niƙa, an ɗebo ruwa, an samo itace ko gawayi, sannan a tsaya gaban murhu. Matashi ba ya ƙirga waɗannan a matsayin aiki. Ga mai ciwon gwiwa, ko wanda idonsa ya yi hazo, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, kowanne ɗaya daga ciki ya isa ya raba shi da abinci.

Daga ina dabarar ta fito?

Kai wa tsofaffi dafaffen abinci har gida a tsare ya samo asali ne daga yaƙi, kamar dai abin da ya kawo mu nan. A Yaƙin Duniya na Biyu jiragen Jamus sun yi ta ruwan bama-bamai a kan biranen Ingila, mutane da yawa suka rasa gida da wurin girki. Wata ƙungiyar mata 'yan sa-kai, wadda aka kafa a 1938, ta shiga dafa musu abinci. A 1943 matan suka fara kai wa tsofaffi da marasa lafiya har ƙofa a wani gari da ke arewa da Landan. Wasu a keken tura jarirai suke ɗora tukwane, su lulluɓe da ciyawa don kada abincin ya huce. Sunan tsarin Meals on Wheels, ma'ana abinci a kan taya.

A 1954 aka fara shi a birnin Filadalfiya na Amurka. Amurka ta yi dokar tsofaffi a 1965, a 1972 kuma aka sa ciyarwa a cikinta. Mai shekara 60 zuwa sama ake yi wa, kwano ɗaya kuma dole ya ƙunshi kashi ɗaya cikin uku na abin da jiki ke bukata a rana. Mai hali ya ba da gudummawa, marar hali ba a hana shi.

Wani abu da suka lura da shi ya fi kwanon kansa muhimmanci. Mai kawo abincin sau da yawa shi ne kaɗai mutumin da tsohon zai gani a ranar. Saboda haka idan ya ƙwanƙwasa ba a amsa ba, ba ya ajiye kwano ya wuce, sai ya kai rahoto. Ta haka ake gano wanda ya faɗi ya kasa tashi, ko wanda ciwo ya kwantar.

Mu ma mun san wannan

A garuruwanmu na Najeriya ba mu da mota mai kai abinci, amma muna da ciyayya. Ana sauke tukunya za a fitar da kwanon Baba da na Kaka, a aiki yaro ya kai, ya durƙusa ya gaida su, ya dawo ya faɗi yadda ya same su. Gudun hijira ne ya wargaza wannan. Tun da aka buɗe sansanin nan a 2013, wasu tsofaffin sun iso babu 'ya'yansu, wasu kuma nasu sun koma gida ko sun tafi neman kuɗi. Akwai ma kakar da ita ce ke riƙon jikoki, ta ba su nata ta ce ta ƙoshi.

Abin da iyali da maƙwabta za su yi

Na ɗaya, a sanar. Majalisar Ɗinkin Duniya na ƙirga mai shekara 60 zuwa sama a matsayin tsoho. Hukumar HCR tana rubuta tsohon da ke zaune shi kaɗai, ko mai riƙon yara, ko marar lafiya, cikin masu bukata ta musamman. Idan akwai irinsa kusa da ku, ku gaya wa shugaban unguwarku ko ku zo ofishin kariya. Idan ba ya iya tafiya, ku faɗa, a nemi a je a same shi.

Na biyu, wakili. Wanda ba ya iya bin layi ya nemi a rubuta masa wanda zai riƙa karɓar masa. Shi zai zaɓa da bakinsa, kuma yana da ikon canzawa. Katin nasa ne, ba na wakili ba. A karɓo, a nuna masa, a mayar masa da katinsa a ranar. Jingina katin tsoho don bashi, ko sayar da rabonsa ba da saninsa ba, zalunci ne ko da ɗan cikinsa ne ya yi. Agaji kyauta ne, duk wanda ya nemi kuɗi ko wani abu kafin ya rubuta suna, a kawo ƙararsa. Ba a bayyana wanda ya kawo ƙara.

Na uku, karɓa-karɓa. Gida huɗu ko biyar su raba kwanakin mako. Mai girkin ranar ya ɗebi awo daga hatsin tsohon da yardarsa, ya haɗa da nasa, ya kai masa kwano da zafinsa. Wuta ɗaya ta yi aikin biyu, an rage itace. A sa mutum ɗaya ya riƙa tuna wa kowa ranarsa, don kada kowa ya zaci wani ya kai.

Me za a zuba, me za a duba?

Tsoho ba ya cin da yawa, kuma haƙori ya yi ƙaranci. A ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa: kunun gyaɗa, tuwo mai laushi da miyar kuka ko ta zogale, wake da ya nuna luguf. Mai hawan jini a rage masa gishiri da magi. Mai shan maganin ciwon suga kada ya sha ya zauna babu abinci, sugansa na iya faɗuwa har ya suma. Tsoho ba ya saurin jin ƙishi, don haka a cika masa randa a ajiye inda hannunsa zai kai, musamman daga Maris zuwa Mayu. Da hunturu kuma kada a bar masa garwashi a ɗakin da aka rufe ruf, iskarsa tana kisa cikin barci.

Mai kai kwano ya zauna ko na minti biyar ne. Ya duba ko an ci na jiya. Idan ya ga ƙafa ta kumbura, ko riga ta yi masa yawa, ko gudawa, ko magana ta rikice ba kamar yadda aka saba ba, a kai shi asibitin sansani a ranar, kada a jira gobe. Kuma a riƙa tambayarsa abin da yake so. Tsufa ba ya ƙwace wa mutum ikon yanke wa kansa shawara.

Iyar da na ba ku labari, yanzu gida huɗu ke karɓa-karɓar kwanonta, ita kuma tana tsare musu yara idan sun tafi famfo. Zumunci a ƙafa yake. Yau kafin ku sauke tukunya, ku leƙa ɗakin da kuka kwana biyu ba ku ga hayaƙi ya tashi daga murhunsa ba.