Lemo Da Zafin Wuta

'Yan'uwana mata, da ku 'yan makaranta, yau zancenmu a kan lemo ne, da irin abin da zafi ke yi masa bayan an tsinko shi.

Babban amfanin lemo shi ne bitamin C. In jiki ya rasa shi, sai dasashi ya kumbura yana jini, haƙora su yi ta girgiɗa, rauni kuma ya ƙi warkewa. A shekarar 1747 wani likitan jiragen ruwan Ingila, James Lind, ya gwada magunguna iri iri a kan matuƙa 12 masu wannan ciwo. Biyu da aka ba lemo su ne suka fara miƙewa. Amma da ya so a riƙa ajiye ruwan lemon don doguwar tafiya, sai ya ce a ɗora shi a wuta har ya yi kauri. Wannan dahuwa kuwa ta kashe yawancin amfanin, aka yi ta ba matuƙa ba a ga sauƙi ba.

To, ba kowane zafi ke ɓarna ba. Ana iya tsoma lemo da ɓawonsa cikin ruwa mai zafin digiri 52 ko 53, minti biyu ko uku kawai. Wannan yana rage fumfunar nan kore mai ruɓar da lemo. Da yake zafin bai wuce ɓawo ba, bitamin ɗin da ke ciki ba ya raguwa sosai. Watau ɓawo shi ne rigar lemo, muddin yana jikinsa yana kāre shi.

Saboda haka, uwargida, in za ki haɗa wa yaro mai mura ruwan zafi da lemon tsami, kada ki yanka lemon a tukunya ya yi ta tafasa. Ki sauke ruwan tukuna, ki bari ya huce yadda za a iya sha, sa'an nan ki matsa lemon a ba shi nan da nan. Ruwan lemon da aka matse aka bari a buɗe, iska ma tana cinye amfaninsa. Lemon da kika sayo kuwa, ajiye shi a inuwa, kada ya wuni a rana.

Kuɗinki kika sa kika saya, kada ki bar wuta ta sha rabon 'ya'yanki.