Yau Ubuntu, gobe Mint: me ke sa matasa sauya tsarin kwamfuta kamar riga?

Jama'a, tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su iya ɗaukar Windows 11. Irin waɗannan ordinatar ɗin ne ƴan uwa na ƙetare suka fi aikowa gida. Shi ya sa ake jin sunan Linux a bakin matasa: tsari ne mai tafiyar da kwamfuta, kyauta, ba a biyan lasisi. Sai dai akwai wata ɗabi'a da ke biye da shi, wadda ya kamata mu yi bayani a kanta.

Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta Linux a 1991, ya bar shi a buɗe, kowa na da izinin ya ɗauka, ya gyara, ya raba. Daga nan iri-iri suka fito, ɗaruruwa. Debian ta zo a 1993, Fedora a 2003. A 2004 Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da Ubuntu, wadda aka gina kan Debian. A 2006 kuma Linux Mint ta fito, ita an gina ta kan Ubuntu. Kaka ke nan da ɗiya da jika.

To tunda duk kyauta ne, sai yaro ya saka wannan yau, bayan sati ya ji ana yabon wancan, ya goge, ya sake. Wani wifi ne ya ƙi kamawa, wani kuma kwaɗayin sabon abu ne kurum. In ka yi magana ya ce maka zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Kuma ba mu ce babu amfani ba: mai koyon gyaran kwamfuta yana ƙaruwa sosai da wannan gwaje-gwajen.

Amma mu duba abin da yake ci. Sauko da Ubuntu ko Mint daga intanet giga da yawa ne, ban da gyare-gyaren da ke biyo baya, kuma duk cikin forfe ɗinka za su fita. Saka sabon tsari galibi yana share abin da ke cikin na'urar: hotunan suna da na biki, lissafin shago, takardun ƙungiya, kundin ƙarshen karatu na ɗalibi. In kuran ya ɗauke ana tsakiyar aiki, batir kuma ya tsufa, kwamfutar na iya ƙin tashi sai an sake daga farko. Bayan haka ga daidaita na'urar buga takardu, da harshen allo, da haruffanmu irin ƙ da ɗ da ɓ.

Abin da da yawa ba su lura da shi ba, injin ɗaya ne. Abin da ido ke gani, wato launi da wurin maɓallai, riga ce, kuma tana da sunanta dabam: GNOME, KDE Plasma, Cinnamon, Xfce. Ana iya sauya rigar ba tare da an goge komai ba. Firefox da LibreOffice kuwa suna aiki a kan dukkansu. In tsohuwar na'ura tana nauyi, riga marar nauyi irin Xfce sau da yawa ita ce maganin.

Ga mai kwamfuta ɗaya tak a gida, shawararmu ya zaɓi wanda ake daɗewa ana kula da shi. Ubuntu tana fitowa duk wata 6, a Afrilu da Oktoba, amma duk shekara 2 akwai mai alamar LTS, wadda ake bai wa gyaran tsaro shekara 5. Mint a kan irin wannan take tafiya. Fedora kuwa wajen wata 13 ake kula da kowace fitowa, don haka tana son mai intanet isasshe.

Wanda ke son ɗanɗana sabo, hanya na nan: a saka shi a kile USB, a tada kwamfuta daga can, a gwada wifi da sauti da komai, ba a taɓa abin da ke ciki ba. In an yanke shawarar sauyawa, a fara kwafe takardu a wani wuri dabam, a buɗe su a tabbatar sun kwafu.

Ku kuma ƴan uwa da ke Faransa, Beljiyam, Amurka ko Gana, in za ku aiko da na'ura, ku tambayi wanda zai kula da ita wane tsari ya iya, a saka shi tun can inda intanet ke da sauƙi. Ku haɗo da kile biyu: ɗaya na gwaji, ɗaya na ajiyar takardun gida.