TURANCIN DA AKE TUNANINSA DA HAUSA: TARKON DA KE GABAN ƊALIBAN GARUN MALLAM

Daga Wakilinmu

Tun da aka gama Madatsar Ruwa ta Tiga a 1974, aka kuma kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, ƙasar Kura da Bunkure da Garun Mallam ta zama matattarar noman rani. Amma alkama da shinkafa da tumatirin Kadawa sun zo da wani nauyi, watau aikin takarda. Wasiƙar neman rance, da ta neman taki, da takardar kuka zuwa ofis, akasari da Turanci ake rubuta su, kuma ɗan makaranta ne akawun gidansu.

Shi kansa ɗalibin yana da tasa damuwar, domin duk wanda bai sami kiredit a Turanci ba a jarrabawar WAEC ko NECO, ƙofar jami'a a rufe take gare shi.

Yawancin kurakuran nan tushensu guda ne: yaro yana tunani da Hausa, sa'an nan ya ɗora kalmomin Turanci a kai. Dubi kalmar aro. Bahaushe ya ce "na ari fartanya", ya kuma ce "ara mini fartanya", duk daga saiwa ɗaya. Bature kuwa ya raba su: mai karɓa shi ke "borrow", mai bayarwa shi ke "lend". Saboda haka wanda ya rubuta wa banki "borrow us money" ya ɗora wa banki aikin mai karɓa, alhali shi ne ake roƙo ya bayar. Daidai shi ne "lend us money".

Haka kalmar ji take. Muna jin magana, muna jin wari, muna jin sanyi, muna jin Turanci. Kowanne da kalmarsa a Turanci: "hear", "smell", "feel", "understand". Sha ma haka ne: ruwa "drink", magani "take", taba "smoke".

Akwai kuma tarkon amsa tambaya. In aka ce wa Bahaushe "Ba ka biya kuɗin ruwa ba?" sai ya ce "I", yana nufin bai biya ba. A Turanci kuwa "yes" a nan na nufin ya biya. Kalma ɗaya tak na iya mai da mai gaskiya maƙaryaci a gaban ma'aikaci.

Sai sunayen da ba sa karɓar jam'i. Kayan aiki komai yawansu "equipment" ne, shawarwari "advice", bayanai "information". Ƙara musu harafin "s" kuskure ne da har a wasiƙun ofisoshi akan ci karo da shi.

Daga ƙarshe akwai lafazi. Hausa ba ta bambanta "p" da "f", shi ya sa "pump" ya zama famfo. Wannan ba laifi ba ne a Hausa, amma wanda ya rubuta "full" a wurin "pull" ya zubar da maki.

Maganin ba a guji Hausa ba ne. Malamin da ya jera jimlar Hausa da ta Turanci a kan allo, ya nuna inda suka rabu, ya fi wanda ya tsaya ga jan alƙalami kawai amfani. Ɗalibi kuma ya tanadi ɗan littafi, ya riƙa rubuta kowane kuskure da gyaransa, ya duba shi kafin ya miƙa wasiƙar mahaifinsa.