YADDA AKE BAMBANTA TARWAƊA DA RAMBOSHI

Masu karatu, musamman mutanen ƙasar Zuru da ke cin kifin Yawuri, ga wata magana a kan kifayen nan masu faffaɗan kai da ke kwanciya a ƙarƙashin ruwa. Da yawanmu da mun ga kifi marar ɓawo, mai santsi, mai gashin baki, sai mu ce tarwaɗa ce. Alhali kuwa ba duka ba ne.

Kai ba ya raba gardama. Tarwaɗa da ramboshi duk kansu a baje yake, da ƙashi mai tauri a bisa, idanu ƙanana, gashin baki takwas. Halittar mazauna taɓo ke nan, domin a cikin ruwa mai duhu da gashin nan suke lalubar abinci. Dukansu kuma suna da wata gaɓa a cikin kai wadda suke shaƙar iska da ita, shi ya sa sukan daɗe a kwarya ba su mutu ba.

To, sai a dubi gadon baya. Fiffiken bayan tarwaɗa guda ɗaya ne, dogo, ya taso daga bayan kai har gab da wutsiya, ba yankewa. Na ramboshi ya rabu biyu: na gaba mai tsarkiyoyi, na baya kuwa tsoka ce zalla mai kitse. In an yi bandarsu aka lanƙwasa, wutsiya a baki, ido na iya ruɗuwa, sai mai saye ya bi bayan da yatsa ya ji. Ragon ruwa shi ma yana da tsokar nan, amma wutsiyarsa a tsage take biyu, ta waɗancan kuwa a kewaye. Kurungu ba ya ɓuya, ƙayarsa mai haƙoran zarto da gurnaninsa sun tona shi.

Wanda abin ya fi shafa shi ne mai haƙa tafki don kiwo. Yanzu akan haɗa irin tarwaɗa da na ramboshi, a sami ruwa-biyu mai gajeriyar tsoka a baya. Yana saurin girma, amma bai dace a riƙe shi don iri ba. Wanda ya sayi 'ya'yan kifi bai duba bayansu ba, a ganinmu ya yi cinikin biri a sama.

Akwai kuma wani mai faffaɗan kai wanda babu shi a Kogin Kwara, sai a ruwan gishiri, kamar Bahar Maliya da Tekun Indiya. Wannan yana da ɓawo, ba shi da gashin baki, idanunsa a bisa kai suke, yakan binne jikinsa cikin rairayi yana dakon ƙananan kifaye. Ta mashigin Suwez, wanda aka buɗe a 1869, ya ratsa har Bahar Rum. Wanda tafiya ta kai shi kasuwar kifi ta Jidda ya gan shi, ya kama shi da hankali, don yana da ƙayoyi masu kaifi a gefen kumatu.