KIFI DA WUTA: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Da wuya a sami gundumar da kifi ba ya shiga a ƙasashen sarakunan Arewa. Wadda ba ta da gulbi tana da tafki, wadda ba ta da tafki tana da fadama ko madatsar ruwa, wadda kuwa ta rasa waɗannan duka tana da kasuwa inda mota ke sauke shi. Saboda haka maganar kifi ta shafi kowane Hakimi, ko da shi kansa ba ya cinsa.

Abin da ya raba kifi da nama shi ne kifi ba ya jira. Naman da mahauci ya fede da hantsi ya kan kai la'asar lafiya lau. Kifi kuwa, a zafin bazara, sa'o'i kaɗan bayan fitarsa daga ruwa ya fara juyawa. Galibin asarar da masunta ke yi, da galibin ciwon da masu ci ke samu, tsakanin koma da tukunya su ke faruwa. Maganinsu kuwa wuta ce, in an san yadda a ke bi da ita.

INDA KIFI KE FITOWA

Tafkin Chadi shi ne babbar taskar kifi ta Arewa tun da daɗewa. A 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Farin da aka yi a 1973 da na 1984 suka janye shi har bai kai ushirin wannan ba, sa'an nan harin da aka kai Baga a watan Janairu na 2015 ya watsa masunta da fatake masu kai banda Anacha da Inugu. A yamma akwai Kwara, da tafkin Kainji wanda ya taru bayan an gama madatsar a 1968, kasuwar Yawuri kuwa ta shahara da kifinsa. Kano ta sami Tiga a 1974. Akwai kuma fadamun Haɗeja da Nguru, da Binuwai, da Gulbin Kabi, inda a ke bikin su na Argungu tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. A bikin 2020 giwar ruwan da ta ci gasa nauyinta kilo 78 ne.

AMFANINSA GA JIKI

Wajen kashi ɗaya cikin biyar na tsokar ɗanyen kifi abinci ne mai gina jiki, irin wanda ke cikin nama da ƙwai da nono. In an busar da shi ruwa ya fita, abin ya kan wuce rabi. Yaron da aka yaye aka bar shi da kunu zalla, har ƙafafunsa suka kumbura gashinsa ya yi ja, wannan abinci ne ya rasa. Dakakken busasshen kifi cokali ɗaya cikin kununsa ko miyarsa kullum ya fi tsada a wurinsa bisa ga magungunan da za a saya daga baya. Ƙananan kifaye da a ke ci da ƙayarsu suna ƙarfafa ƙashi.

Akwai masu cewa wai haɗa kifi da nono na kawo kuturta. Wannan ba haka ba ne. Tun 1873 wani likitan ƙasar Norway, Hansen, ya gano ƙwayar cutar kuturta, daga mutum ta ke zuwa ga mutum, ba daga akushi ba.

GASHI A GIDA

Gashi tun daga kasuwa ya ke farawa. Mai saye ya dubi idon kifi: in yana da rai-rai, a fili, to, sabo ne, in ya yi hazo ya faɗa ciki, ya kwana. Ya ɗaga marfin kumatunsa ya dubi ciki, ja ya kamata ya gani, ba ruwan toka ba. Ya danna tsokar da yatsa, in gurbin ya cika nan da nan, madalla. Hanci kuma ba ya ƙarya.

Da zuwa gida sai a kankare ɓawon, a tsaga cikin, a fid da hanji a hankali don kada matsarmama ta fashe, gama in ta fashe ɗacinta ba ya fita ko da an wanke sau goma. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, yauƙi gare ta. Toka ko gishiri ko lemun tsami ke cire shi, ko a watsa mata ruwan zafi a kankare. Sa'an nan a yi wa kifin tsaga uku ko huɗu a kowane gefe, har wuƙa ta taɓa ƙashi. Waɗannan tsagogi ba ado ba ne. Su ne ƙofar da yaji da zafi ke bi su shiga.

Yajin ba wani baƙo ba ne, duk yana cikin ɗakin uwargida: barkono, citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari kaɗan, gishiri. A daka, a kwaɓa da man gyaɗa da ruwan lemun tsami, a cusa cikin tsagogin da cikin kifin, a rufe shi a inuwa kamar rabin sa'a. Wanda ke son ɗanɗanon tsire ya ƙara garin ƙuliƙuli, amma sai can wajen ƙarshe, don yana saurin ƙonewa.

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Wutar gashi garwashi ce, ba harshen wuta ba. Gawayin kirya ya fi, don yana daɗewa bai mutu ba. A bar shi sai ya kama sarai, farar toka ta rufe shi, hayaƙi ya ɗauke. A ɗora waya kamar taƙi ɗaya bisa garwashin, a shafe ta da mai, ta yi zafi kafin kifi ya hau. In ya hau a ƙyale shi. Mai garaje ya kan so ya juya shi tun fatar ba ta ƙafe ba, sai fata ta manne a waya, kifi ya ragargaje. In ta gasu da kanta za ta saki. Juyi ɗaya ya isa.

Kowane kifi da halinsa. Tarwaɗa mai kitse ce, kitsen na ɗiga ya ta da harshen wuta, sai a janye ta gefe har wutar ta kwanta. Ƙarfasa ba ta da mai ƙwarai, tana bukatar a riƙa shafa mata. Giwar ruwa a kan yanka ta gunduwa-gunduwa, kaurin inci ɗaya. Kifi mai laushin jiki a naɗe shi cikin ganyen ayaba. A bisa ƙiyasi, kowane inci na kaurin kifi yana cin minti 10. Amma abin dogara shi ne a buɗa wurin da ya fi kauri, kusa da ƙashin baya: in tsokar ta yi fari ta rabu da ƙashi ba gardama, ya gasu, in da sauran jini-jini, a mai da shi. Kada kuma a sa gasasshe cikin kwanon da ɗanyen ya zauna sai an wanke shi da sabulu.

ABINCIN TEKU DA SAURAN BAƘIN ABUBUWA

Talakawan kowace gunduma suna zuwa ci-rani da fatauci Ikko da Fatakwal da Kalaba, har Ankara da Kwatano. Can su kan tarar da kaguwa da jatan lande da kifayen teku iri iri bisa wuta a bakin hanya. Wasu su kan kau da kai don ƙyama, su kwana da yunwa. Ya kyautu a tuna cewa mutumin bakin teku haka ya ke yamutsa fuska in ya ga Bahaushe na cin soyayyar fara.

Ta wajen shari'a babu damuwa. A mazhabar Maliki duk abin da ke rayuwa cikin ruwa halal ne, ba ya kuma bukatar yanka, haka ya zo cikin Muhtasar na Shaihu Halilu. Mazhabar Hanafi ce ta taƙaita ga kifi kaɗai. Ta wajen lafiya kuma abincin teku yana da aidin, abin da ke hana maƙoƙo, wanda kifin gulbi ba shi da shi sosai.

Sharaɗi ɗaya ne, a dafa ko a gasa sarai. Bayan Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970 likitoci a gabashin Nijeriya sun ga mutane da yawa suna tarin jini, har aka zaci tarin fuka ne. Da aka bincika sai aka tarar wata tsutsa ce a huhu, wadda suka samu daga kaguwar rafi da suka ci ba ta dahu ba a kwanakin yunwa. Wuta na kashe wannan tsutsa. Jatan lande minti biyu ko uku kowane gefe ya ishe shi, da ya yi ja ya lanƙwashe a sauke, in ya daɗe ya kan zama kamar jijiya. Kaguwa kuwa da ranta a ke sayenta, matacciya a bar wa mai ita.

Akwai abu biyu da wuta ba ta iya musu. Na fari kifin ƙanƙara, musamman wanda a ke kira titus. In ƙanƙararsa ta narke ya yini cikin zafi, wani dafi ya kan taru a tsokarsa, wanda dafuwa ba ta kashewa. Wanda ya ci, kafin sa'a guda fuskarsa ta ɗau zafi, ga ƙaiƙayi, ga ciwon kai, wani har da gudawa. Na biyu talibamban, kifin nan mai kumbura ciki. Danginsa da yawa suna da dafi a fata da hanta da ƙwai, gashi ba ya taɓa shi. Mai sha'awar ɗanɗana baƙon abu ya gwada gaiwa, ko yauni, ko ƙurungu, ya ƙyale wannan.

BANDA

Abin da ba za a ci ran nan ba sai a yi bandarsa. Tsohuwar hanyar bakin Chadi ita ce a yanka kifi gunduwa-gunduwa, a shanya kaɗan, a rufe da ciyawa a cinna wuta. Waje ya ƙone baƙi ƙirin, ciki kuwa da sauran ruwa. Ƙuda ya zo ya yi ƙwai, tsutsa ta fito. Wanda ya tsira kuma wani ƙaramin ƙwaro ya bi shi cikin buhu ya mai da shi gari kafin mota ta kai kudu. Falke ya sayi buhu cike, ya sauke rabi.

Banda ta gari a hankali a ke yinta. A wanke kifi, a jiƙa shi cikin ruwan gishiri na ɗan lokaci, a bari ya tsane. Wutar farko mai zafi ce don ta dafa shi, sa'an nan a rage ta, hayaƙi da ɗumi su ci gaba da aiki. Kifin da ya sha sa'o'i kaɗan na kwana biyu ne ko uku. Wanda a ke so ya yi watanni sai ya kwana biyu ko uku bisa wuta, har ya bushe ƙayau. Itace mai tauri a ke sawa. Taya, da roba, da leda, da katako mai fenti, ko kusa kada su shiga murhu, hayaƙinsu guba ne.

A 1969 aka fito da wani murhu a ƙasar Gana, da taimakon hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka sa masa sunan Chorkor, wata unguwar masunta a Ankara. Ba shi da wuyar gini: akwati ne na laka mai kusurwa huɗu, tsayinsa kamar ƙafa 2, da ƙofar wuta a gaba. Bisansa a ke jera faifai na katako masu gindin waya, ɗaya kan ɗaya, har 10 ko fiye, a rufe na sama. Hayaƙi na ratsa su duka maimakon ya tashi a banza, lokaci lokaci a musanya na ƙasa da na sama. Itacen da ya ke ci bai kai na tsohon murhu ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne inda daji ya ƙare. Maginin gari da kafinta sun isa su yi shi. Bandar da ke ajiye, in an ga alamar ƙwaro ko fumfuna, a mai da ita kan wuta na 'yan sa'o'i, zafi zai kashe su.

GUBA

Wasu sun ga wannan ya yi musu wahala, sai suka nemi gajeriyar hanya. Tun dā akwai masu zuba magimfa a ruwa don kifi ya bugu. Daga baya aka koma ga Gammalin 20, maganin ƙwarin koko, wanda ke kashe babba da ƙarami har da ƙwai, ya kuma ɓata ruwan da mutane da dabbobi ke sha. Ƙasashen duniya sun sa sinadarin da ke cikinsa a jerin abubuwan da aka hana a 2009. Wasu 'yan kasuwa kuma su kan yayyafa wa banda maganin ƙwari irin su Sniper don kada ƙwaro ya ci. Wanki ba ya fid da shi duka, tafasa ma haka, kuma yara shi ya fi ji wa. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta su da guba, da nakiya, da lantarki.

A nan ne a ke neman taimakon Hakimai. Ma'aikacin gwamnati ya kan zo ya tafi, amma Sarkin Ruwa ya san kowane masunci da sunansa, Sarkin Kasuwa kuma ya san mai kowane buhu. Ana roƙon Hakimi ya tara su tare da Dagatai da malamin tsabta, a karanta musu wannan takarda, a kuma roƙi limamai su faɗakar ran Juma'a. Bandar da ke warin magani, ko wadda ƙuda ke kewaye maƙwabtanta ita ba ya saukar mata, abin tuhuma ce. Haka kuma kifin da aka kawo manya da 'yan mitsi-mitsi a gauraye, duk sun yi laushi tun da safe.

In an sami irin wannan, malamin Hakimi ya rubuta rana, da sunan tafki ko kasuwa, da yawan abin da aka gani, da waɗanda suka shaida, a aika wa Ƙaramar Hukuma, kwafi kuma ya tafi Majalisar Sarki. Zuba guba ya fi yawa da rani, sa'ad da ruwa ya janye kifi ya taru a 'yan kududdufai, saboda haka gargaɗin ya kamata ya isa ƙauyuka tun da kaka, kafin a gama shigar da amfanin gona.