Zaɓen Cike Gurbi na West Bourke a 1879 da Muhawarar Kare Masana'antu

A shekarar 1879 an yi zaɓen cike gurbi har sau biyu a mazaɓar West Bourke da ke Biktoriya, ɗaya daga cikin yankunan mulkin mallakar Birtaniya a Ostareliya. Harajin kwastan kan kayan waje na cikin manyan batutuwan da suka raba kan masu zaɓe.

Tushen rigimar zinariya ce. Gano ta a 1851 ya jawo baƙi tururuwa, amma da haƙar ta ja baya sai dubban mutane suka rasa abin yi. David Syme, mai jaridar The Age ta birnin Melbon, ya dage cewa mafita ita ce a tsawwala haraji kan kayan da ake shigowa da su, domin masana'antun gida su tsaya da ƙafarsu, talaka ya samu aiki. Manyan 'yan kasuwa da masu garken tumaki kuwa sun fi son ciniki ba shinge, jaridar The Argus tana mara musu baya. Su ne ke da rinjaye a majalisar dattawa, wadda ta yi ta kai ruwa rana da gwamnatin Graham Berry mai ra'ayin kariya.

A watan Fabrairu ɓangaren Berry ya tsayar da Alfred Deakin, lauya kuma marubuci a The Age, ɗan shekara 22, wanda Syme ya janye daga ra'ayin ciniki ba shinge. Ya kayar da attajiri Robert Harper da ƙyar. Sai dai takardun ƙuri'a sun ƙare a wata rumfa, wasu ba su samu jefawa ba. Deakin bai yarda ya zauna kan kujerar da ake tababa a kanta ba, don haka ya yi murabus a jawabinsa na farko a majalisa. Da aka sake zaɓe a watan Agusta, ya sha kaye da ƙuri'a 15 kacal. Sai a Yulin 1880 ya dawo majalisa.

Muhawarar ba ta tsaya nan ba. Maƙwabciyar Biktoriya, New South Wales, ta riƙe ciniki ba shinge, shingayen kwastan suka ci gaba da zama a gaɓar kogin Murray da ke tsakaninsu har yankunan suka haɗe a 1901. Deakin ya zama firaministan Ostareliya sau uku, kuma a zamaninsa ne, a 1908, kare masana'antun gida ya kafu sosai a dokar harajin ƙasar.