Amrish Puri: Ɗan Wasan da Ba Jarumi Ba

A kowane wasan kwaikwayo akwai jarumi, wanda akan rubuta sunansa da manyan haruffa a ƙofar gidan silima, akwai kuma waɗanda ke kewaye da shi, watau uba da alƙali da attajiri da mugu. A kan waɗannan ne nauyin labari yake, ko da yake ba kasafai akan riƙe sunayensu ba. Amrish Puri na ƙasar Indiya yana cikin 'yan ƙalilan da aka riƙe. Masu kallon finafinan Indiya a Kano da Kaduna sun san fuskarsa da muryarsa tun kafin su san sunansa.

An haife shi a lardin Punjab cikin 1932. Yayyensa biyu, Chaman da Madan, sun riga shi shiga sana'ar, amma da ya je Bombay aka jarraba shi, sai aka ƙi ɗaukarsa, wai fuskarsa ta yi tsauri. Daɗa sai ya kama aikin gwamnati a hukumar inshorar ma'aikata, ya yi wajen shekara 20 yana zaman ofis da rana, da maraice kuma yana wasa a dandamali ƙarƙashin Satyadev Dubey. Wannan jinkiri ya zamar masa alheri, domin a dandamali babu na'urar da za ta kawo fuskar mutum kusa da mai kallo. Tilas murya da tsayuwa su isar da saƙo har sahun ƙarshe. Sai da ya kusa shekara 40 sannan ya fara fitowa a fim, a farkon shekarun 1970.

Galibi da mugunta ake tunawa da shi: Mola Ram a fim ɗin Indiana Jones na 1984, wanda dominsa ya aske kansa ƙwal, sa'an nan Mogambo a Mr. India na 1987. Lalle ya iya ta. Ba ya gaggawa, ba ya yawan ihu. Yakan zare ido, ya ja magana a hankali, har mai kallo ya yarda cewa jarumi yana cikin haɗari na gaske. Jarumin da abokin gābarsa ba ya ban tsoro kuwa, nasararsa ba ta da daraja.

Amma wanda ya tsaya nan ya rage masa haƙƙi. Shyam Benegal ya sa shi a Nishant (1975) da Manthan (1976), finafinai masu duba zaluncin masu ƙasa da masu kuɗi a karkara. A talabijin ya fito dattijon Sikh a cikin Tamas na Govind Nihalani, wanda aka nuna a 1988, a kan tashin hankalin da ya zo da raba Indiya da Pakistan a 1947. A Dilwale Dulhania Le Jayenge (1995) kuwa, uba ne mai kanti a Landan, mai kewar gida, wanda ya yi alkawarin aurar da 'yarsa ga ɗan abokinsa. Shi ne shingen da ke tsakanin masoya, duk da haka mai kallo ba ya iya ƙinsa, don ya ga cewa taurin kan nasa daga tsoron rasa asali ya fito. Dukan fim ɗin jiran abu ɗaya yake yi: lokacin da zai saki hannun 'yarsa a tashar jirgin ƙasa.

Ya fito a finafinai fiye da 400. Ya rasu a Mumbai ran 12 ga Janairu, 2005, yana da shekara 72.